Sabon Gari da Tsohuwar Fadama: Tsugunar da Manoma da Ikon Ruwa a Ƙasar Gwandu da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Malisa gari ne na manoma a ƙasar Gwandu, kuma a tsarin mulki na yanzu yana cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi. Wannan ƙasa tana kwance ne tsakanin manyan gulabe biyu. Ta arewa da yamma akwai Gulbin Rima, wanda bayan ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato yakan gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya wuce ta gefen Kalgo. Ta kudu kuwa akwai Gulbin Zamfara wanda ya biyo ta Jega. Manomin wannan yanki da ƙafa biyu yake tsaye: gero da dawa a tudu da damina, sa'an nan shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a fadama. In ɗayar ta gurɗe, gidan ya shiga ɗingishi ke nan har shekara ta zagayo.

Manyan ayyukan da aka tayar da garuruwa dominsu ba a ƙasar Malisa aka yi su ba. An yi su ne a Yawuri da Bakolori, sai kuma wani da aka daɗe ana shiri a Zauro, a ƙofar Birnin Kebbi. Amma gulabe guda ne suka sarƙe waɗannan wurare, kuma abin da ya sami manomansu shi ne ya bayyana dalilin da ya sa noman rani ya ɗauki siffar da yake da ita yau a ƙasar Gwandu. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, duk lokacin da hukuma ta zana wa manomi sabon mazauni, ko ta sake masa fasalin gona, to ta taɓa ikonsa a kan ruwa, ko ta yi nufin haka ko ba ta yi ba.

Yadda manomi yake riƙe da ruwansa

Kafin zuwan injiniya, ban ruwa a wannan yanki ba shi da ofis, amma yana da tsari. Shinkafar fadama akan shuka ta ne da ruwan farko, tun gulbi bai kawo ba, domin ta riƙa tashi tare da ambaliya, ruwa na hawa tana hawa. Wanda ya makara ruwa ya shanye masa tsiro, wanda ya yi gaggawa kuma rana ta ƙone masa. Saboda haka sanin lokacin da ruwa zai kai kowane lungu na fadama, da tsawon da zai yi, da kwanakin da zai daɗe, ilmi ne da ɗa yake gada wurin ubansa tare da gonar. Ilmin nan kuwa na wuri guda ne. Ba ya bin mutum in ya yi ƙaura.

Idan ruwa ya janye, sai lambu ya tashi. Akan haƙa 'yar rijiya marar zurfi, ko a kafa jigo a bakin gulbi ko tafki, a yanka ƙasa fangali-fangali, a riƙa kora ruwa daga wannan zuwa wancan da bakin fartanya. Aikin jigo aiki ne na safe da maraice, kullum, har wata uku ko huɗu. Ba ya yiwuwa ga wanda gidansa yake nesa, domin ban da ban ruwan akwai gadin dabbobi, akwai dakon taki daga gida a kan jaki, akwai yaran da za a aika su dawo kafin makarantar allo. Wato dai kusancin gida da fadama shi ne ginshiƙin abin duka. Haka kuma kowa ya san iyakarsa da ta maƙwabcinsa, ko da itaciya ce alama ko tsohuwar kunya. Gado da aro da jingina duk a gaban dattawa da mai gari ake yin su, in rikici ya tashi kuwa su ne shaidu, kafin a kai ga alƙali. Gyaran hanyar ruwa da ta haɗa mutane da yawa da gayya ake yinsa. Babu mai biyan kuɗin ruwa, babu kuma mai jiran izinin buɗe shi.

Tsara sabon gari ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta kafa ribaɗoɗi, yana tsugunar da jama'a a cikinsu, har da Fulani makiyaya waɗanda ya kwaɗaitar da su zaman gari da noma. Wurno, inda ya zauna har ya rasu a 1837, ita ce mafi shahara. A ɓangaren Gwandu ma an yi irin wannan, musamman bayan Kabawa sun tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame. Ambursa tana cikin garuruwan da suka zama garkuwa a wannan iyaka. Dalilin kafa ribaɗi tsaro ne, ba noma ba. Amma abin lura shi ne Wurno da Ambursa duk a gefen fadamar Rima aka aza su, domin masu tsarin sun san mayaƙin da zai tsare iyaka sai ya ci abinci, kuma da hannunsa zai nome shi. An zaɓa wa mutane wurin zama, aka bar musu sha'anin ruwa.

Zamanin Turawa ya zo da wani tunani dabam. Abin koyi a wurinsu shi ne Jazira ta ƙasar Sudan, inda aka gama madatsar Sennar a 1925, aka mai da manomi ɗan haya, hukuma ce mai faɗa masa abin da zai shuka da ranar da zai sami ruwa. A cikin shekarun 1920 aka gwada ƙaramin aikin ban ruwa a Kware, arewa da Sakkwato. A Mokwa kuma, daga 1949 zuwa 1954, aka gina ƙauyuka sababbi aka zuba manoma, kamfani yana ɗaukar kashi biyu cikin uku na amfani. Noman damina ne ba na rani ba, kuma bai yi ƙarko ba. Waɗannan ba su girgiza ƙasar ba. Tunanin da ke bayansu ne ya rayu, ya jira kuɗi.

Yawuri: gidaje masu kyau, nesa da gaɓa

An fara gina madatsar Kainji a kan Kwara a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 a ƙasashen Yawuri da Borgu. Daga cikinsu akwai Gungawa, mazauna tsibirai da gaɓar kogi, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa ta hanyar ban ruwa. Gonakinsu ƙanana ne, amma ƙasa ce mai laka wadda kogi yake sabunta ta kowace shekara, tana kuma daf da ƙofar gida.

Dole a yi wa masu wannan aiki adalci. Da farko kuɗin diyya aka fara biya domin kowa ya gina nasa, da aka ga hakan ba zai kai ba kafin ruwa ya iso, sai hukuma ta koma gina gidajen da kanta. Wani mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya da bulon siminti. A cikin ayyukan tayar da jama'a na Afirka, na Kainji yana cikin waɗanda ake yi wa kallon sun fi dama-dama. Amma hankalin masu tsarin ya tafi ne ga ɗaki da rufi da rijiyar sha. Tilas ne sabon ƙauye ya hau tudu, sama da inda tafki zai kai in ya cika; gonar albasa kuwa ta nutse, kuma ba abu ba ne da za a iya ginawa da bulo.

Sa'an nan ruwan kansa ya sake hali. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a wannan yanki: farin ruwa na daminar kusa, da baƙin ruwa wanda yake tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso da hunturu. Da aka datse kogin, sai tafki ya zama yana cike a farkon rani, yana janyewa sannu a hankali yayin da ake sakin ruwa domin lantarki. Bakin ruwa ya zama abu mai tafiya, yau yana nan, bayan wata guda ya yi nisa. Jigo kuwa kafa shi ake yi a wuri guda. Manoman Yawuri ba su zauna jiran hukuma ba. Sun koyi bin ƙasar da tafki yake bari in ya janye suna shuka ta, wasu suka ƙara ƙarfi a kan su, daga baya da ƙananan injuna suka samu sai noman rani ya sake tashi a bakin tafkin. Abin da ya cece su shi ne, ko da yake an ɗauke su daga ruwansu, ba a naɗa musu wani mai iko a kan sabuwar gaɓar ba.

Bakolori

A Bakolori wannan sararin ne aka toshe. Bayan binciken da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a kwarin Sakkwato, wanda rahotonsa ya fito a 1969, sai ga fari na farkon shekarun 1970, sai kuma ga kuɗin man fetur. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, daga 1974 zuwa 1978. Tafkin ya rufe kimanin hekta 8,000, aka tayar da mutane wajen 13,000, ciki har da mutanen Maradun. A shekarar da aka gama ginin ne kuma, wato 1978, aka kafa dokar da ta sa ƙasa duka a hannun gwamnan jiha.

Waɗanda aka tayar an kai su tudu, ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta kama ƙafar fadamar da suka baro ba. Mutumin da ya saba girbi biyu a shekara ya koma ɗaya, ɗayan ma bai isa ba. Ga tafki a gabansu, amma ruwan ba nasu ba ne, an tanade shi domin filin aikin da ke ƙasa da madatsa.

Su kuwa mutanen wancan filin, ba a tayar da garuruwansu ba, amma an yi musu abin da ya yi daidai da tayarwa: an sake zana ƙasar da suke takawa. Domin a shimfiɗa magudanai da bututu, sai aka karɓi gonaki aka sa manyan motoci suka baje su. Aka sare itatuwa, dorawa da kuka da tsamiya, waɗanda abinci ne, kuma su ne alamun iyaka. A wurare da dama an kankare ƙasar sama mai albarka. Wasu manoma suka yi damina biyu ko fiye ba su shuka ba suna jiran a gama. Da aka zo mayar da gonaki, sai takardun awo suka saɓa da abin da mutane suka sani. Wani ya sami ƙasa da abin da aka karɓa, wani aka jefa shi nesa da garinsu, tsakanin mutanen da bai taɓa haɗa iyaka da su ba. Dattijon da jiya shi ne shaida a kan kowace kunya, yau ba shi da abin da zai nuna. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta shiga lissafin diyya ba, domin ba a auna ta da igiya. Bayan haka sai hukuma ta ce ita ce mai faɗin abin da za a shuka da rani, alkama a kan gaba, ita ce kuma mai buɗe ruwa da rufe shi.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin, suna neman diyyar amfanin da suka rasa da 'yancin shuka abin da suka ga dama. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu; masu bincike da 'yan adawa suka ce sun haura 380. Bjorn Beckman ya yi nazari a kan wannan tarzoma, kuma duk wanda ya bi buƙatun manoman zai ga ba ƙin ban ruwa suke yi ba. Mutanen da suka gaji jigo ba za su ƙi ruwan rani ba. Abin da suka ƙi shi ne su zama 'yan ƙwadago a gonar ubanninsu.

Shi aikin ma bai cika alkawarinsa ba. Daga hekta 23,000 da aka shirya, wajen 15,000 an ɗora su ne a kan na'urorin yayyafi masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje, abin da babu manomin da zai iya taɓawa in ya lalace. Zuwa 2003 waɗannan na'urori sun daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, ta magudanan da ruwa yake gangarowa da kansa. Ƙasa da madatsa kuma, tsakaninta da Sakkwato, ambaliya ta ragu. Nazarin W. M. Adams na 1985 ya nuna cewa a cikin fadama mai faɗin hekta 19,000 an yi asarar kimanin hekta 7,000 na shinkafa da 5,000 na noman rani. Waɗannan mutane ba wanda ya tayar da su, ba kuma wanda ya biya su. Ruwan ne ya yi ƙaura ya bar su.

Labari ya gangara Kabi

Da aka gama madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, sai ya zama manyan rassan nan biyu da suke ciyar da fadamar Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo kowanne yana da ƙofa, mabuɗinta kuma yana hannun ma'aikaci. Lokacin zuwan ruwa, wanda a da ake karanta shi a sararin sama da halin gulbi, yanzu ya rataya har da shawarar da aka yanke a wani wuri mai nisa. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi, ta tuna wa kowa wannan.

A wannan fadama ce aka tsara aikin Zauro tun 1969: a gina ganuwar ƙasa a hana ambaliya shiga fili mai faɗin fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, a sake yanka gonaki, a riƙa ba su ruwa bisa ƙa'ida. A 1982 aka yi gwaji da hekta 100. Babban aikin kuwa gwamnatoci sun yi ta ɗaga shi suna ajiyewa, kuma da aka sake tayar da maganarsa a 2008 manoman Argungu suka yi tsayin daka, suna tsoron rasa gonakinsu. Akan ce jahilci ne ya hana su ganin alheri. Wannan magana ba ta da nauyi. Tsakanin Argungu da Mafara ba wata tafiya ba ce, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya sauya noman rani a ƙasar Gwandu bai zo da taswira ba. A cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi, da rancen Bankin Duniya, suka fara yaɗa wata dabara mai sauƙi: a soka bututu cikin fadama inda ruwa yake kusa, a ɗaura masa ƙaramin injin fetur wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Shirin Fadama na ƙasa, wanda ya soma a farkon shekarun 1990 aka kuma yi ta sabunta shi, ya ƙara faɗaɗa abin, daga baya 'yan kasuwa da masu haƙa na ƙauye suka karɓe shi. Ba a tayar da kowa ba, ba a sake wa kowa iyaka ba. Injin ya zauna daidai gurbin jigo: gona ta gado, lokaci na mai gona, da maraice a ɗaure shi a bayan babur a kai gida. Albasar Aliero da maƙwabtanta, da shinkafar rani wadda ta sa aka zaɓi Birnin Kebbi domin ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, mafi yawansu a kan waɗannan ƙananan rijiyoyi suka tsaya, ba a kan manyan magudanai ba.

Ba a ce wannan hanya ba ta da nata aibi ba. Injin ya mai da ban ruwa sha'anin mutum ɗaya, gayya ta ja baya, kuma babu mai lura da yawan ruwan da ake zuƙa daga ƙarƙashin ƙasa. Fadamar da a da take zama makiyayar rani ta cika da shuka shekara duka, burtali da mashaya suka ƙuntata, rikicin manomi da makiyayi ya ƙaru. Mai kuɗin sayen inji da taki ya sami damar karɓar jinginar gonar wanda ba shi da shi. Amma waɗannan matsaloli ne da suke tasowa tsakanin mutanen da suka san juna, a gaban masu garin da suka san iyakoki.

A Bakolori kuwa, shirin gyaran ayyukan ban ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya sa aka koma mayar da filin yayyafi zuwa magudanai, aka kuma karkasa manoma ƙungiya-ƙungiya ta masu amfani da ruwa, aka yi musu rajista, aka ɗora musu yashe ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa da raba shi a tsakaninsu. Wato hukuma tana neman ta kafa da takarda irin abin da motocinta suka baje shekara talatin da 'yan kai kafin nan. Sai dai maƙwabtakar da ake haɗa ƙungiyar a kanta ta magudana ce, ba ta gari ba, kuma babbar ƙofar ruwa tana nan a hannun hukuma.

Shi kuwa manomin fadamun Gwandu da Kalgo, wanda ya tsira da ikon rijiyarsa, wani mai iko ya same shi ta wata ƙofa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka, masu ƙaramin ƙarfi suka rage fangulansu, masu hali kuma suka fara juya injunansu zuwa gas ko sayen masu aiki da hasken rana.